"Magana zarar bunu ce": kashedi ne ko rufe ƙofar sulhu?

Ɗan Kwaya: Salama gare ku 'yan'uwa. A wa'azin Lahadi an karanta Yakubu sura 3, mai wa'azi ya kawo "magana zarar bunu ce". Da aka tashi sujada dattawa suka nemi shirya wasu mata biyu da suka daɗe ba sa ga maciji. Ɗaya ta ce ai daga bagade aka faɗa, abin da aka zare ba ya komawa, don haka a ƙyale ta. Haka karin maganar take nufi?

Dattijo: Ɗana, ta ɗauki maganar a baibai. Kashedi ne ga wanda bai buɗe baki ba tukuna, ba hujja ba ce ga wanda aka ɓata wa. Yakubu 1:19 ya jera abin: saurin ji, jinkirin magana, jinkirin fushi. Wanda ya bi jerin nan ba ya kaiwa ga zara.

Mai Baibaya: Baba, da izininka. A duba aikin kansa. Da kaka ake yanko shuci, a shanya ya bushe sarai, a yanta shi da igiya, sannan a naɗa a jinka daga ƙasa zuwa sama, kowane zagaye yana hawa kan na ƙasa don ruwa ya gangara. In ya sha damina da hayaƙi ya yi baƙi, ka zari tsinke ɗaya, ɗaurin wurin gaba ɗaya ne ke sassautawa. Ka ce za ka cusa shi, karyewa zai yi, ramin ya ƙaru. Amma ba a barin ɗaki don wannan. Sabon shuci ake kawowa a toshe, in ɓarnar ta yi yawa a sake baibaya. Kuma da rani ake yi. Wanda ya bari ruwa ya sauka, tanka ce za ta ruɓe, aikin yini ya koma na mako. Ni a wurina ba a mayarwa, amma ana gyarawa.

Malamin Lahadi: Na ji, amma damuwata daban ce. Sau da yawa da wannan karin maganar ake toshe bakin matasa. Yaro ya tambayi lissafin baikon ikkilisiya, sai a ce masa magana zarar bunu ce, ya iya bakinsa. Natan bai yi shiru a gaban Dawuda ba, dubi 2 Sama'ila 12. Bulus ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya, Galatiyawa 2:11. Karin Magana 27:5 ma ta fifita tsautawa a fili a kan ƙaunar da aka ɓoye.

Dattijo: Malam, ba a hana faɗa ba, tsari aka ba shi. Matiyu 18:15-17 matakai uku ne: ku biyu kaɗai, in ya ƙi ka tafi da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi sannan ikkilisiya. Inda muke ɓata abin, da mataki na uku muke farawa, mutum ya ji laifinsa a bakin jama'a kafin ya ji a bakinka. Daga nan mutuncinsa zai kare, ba zai saurare ka ba. In dattijo ne, 1 Timoti 5:1 ta ce a roƙe shi kamar uba, aya ta 19 kuma ta hana karɓar ƙara a kansa sai da shaidu biyu ko uku. Natan ma da labarin 'yar tunkiya ya fara.

'Yar Zumunta: Baba, ka tuna mini da kakarmu, Allah ya ba ta hutu. Ita ake kai wa rikicin zumuntar mata a ƙauye, kuma ba ta iya karatu ba. In mace ta zo da "Mama, kin ji abin da wance ta yi?", ba ta bari a ƙarasa. Sai ta ɗauki mayafi ta ce tashi mu je wurinta. Yawancinsu a bakin zaure suke tsayawa, su ce ai ji suka yi. Ta ce wa ya faɗa miki? To can za mu. Haka take bin magana gida gida har tushe. Akwai wata amarya da aka ce ta saci gero a rumbun uwar mijinta, magana ta zaga har aka daina ba ta ajiyar kuɗin adashe. Da kakarmu ta bi sawu, ashe ƙanen mijin ne ya ɗiba ya sayar. Ba ta yarda da "ki yafe mini" a ɗaki ba. Ta sa matar da ta fara faɗa ta koma kowane gidan da ta kai maganar, ta ce da bakinta ƙarya ta yi, sannan ta faɗa a taron zumunta. Hujjarta, inda aka ɓata suna nan ake wanke shi. Kuma ta hana a ce "in na ɓata miki". Sai an ambaci kalmar da aka faɗa.

Maman Tagwaye: Wannan kaka a ba mu aronta lokacin zaɓe! Ta bi masu alƙawarin rijiyar burtsatse da takin zamani ƙauye ƙauye, su maimaita da bakinsu.

Ɗan Kwaya: Mama, su ai nasu bunun yana komawa. Washegari a ce 'yan jarida ne suka juya maganar.

Malamin Lahadi: Ko a ce 'yan adawa suka haɗa muryar.

'Yar Zumunta: Ku bari in ƙarasa. Amaryar ta yafe, amma ba ta sake karɓar ajiyar kowa ba har ta tsufa. Shi ya sa ban yarda da Mai Baibaya ɗari bisa ɗari ba.

Mai Baibaya: 'Yar'uwa, ɗakin dai ya daina yoyo. Ban ce ba a gane wurin da aka toshe ba.

Maman Tagwaye: Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne gulmar da ake sa wa rigar addu'a. "Mu yi wa gidan wane addu'a", sai a zayyana komai, har sunan matar da ake zargi. Roƙon addu'a ba ya bukatar suna sai mai shi ya yarda. Ga kuma saƙon murya a WhatsApp: kina fushi kin danna, kafin ki goge an tura wa mutum goma. Ki rubuta, kada ki aika, ki kwana, ki karanta da safe tare da Afisawa 4:29. In ba zai gina mai ji ba, share shi.

Malamin Lahadi: Mama, a surar nan aya ta 26 ta ce kada rana ta faɗi muna fushi. Ke kuma kin ce a kwana. Wanne za mu bi?

Dattijo: Fushin aka ce kada ya kwana, ba saƙon ba.

Ɗan Kwaya: To yanzu Baba, matan nan biyu, wa zai fara zuwa wurin wa? Matiyu 5:23-24 ta tura mai laifi, sura 18 ta tura wanda aka ɓata wa.

'Yar Zumunta: Ku fara gano wadda ta kai maganar tsakaninsu. Ina zargin akwai ta uku.