Wa ya taɓa kallon Lion King na dandamali a Landan?

Maman_Biyu: Salamu alaikum yan uwa. Dan Allah wanda ya taɓa zuwa kallon Lion King ɗin da ake yi a gidan wasa na Lyceum ya ban shawara. Yarana sun haddace katun ɗin tas, babbar shekararta 9 ƙaramin 4, kuma kuɗin tikiti ba wasa ba. Abinda ke ɗaure min kai shine ta ya mutum zai fito a zaki ko raƙumin dawa abin bai koma shirme ba? Kar in kashe kuɗi su ce min na talabijin ya fi.

Yar_Zinder: Wa alaikumus salam Maman Biyu, ki je wallahi. Ai basa ɓoye mutum cikin rigar dabba, fuskar zakin a saman kan ɗan wasan take, tasa fuskar a buɗe, kina ganin ɓacin ran mutum da kwarjinin zaki lokaci ɗaya. Raƙuman dawan mutane ne kan dogayen sanduna hannu da ƙafa suna takawa a hankali, mai barewa kuma wani ɗan keke take turawa barewin na tsalle ɗaya bayan ɗaya. Farkon wasan ne ya fi tsaya min, Rafiki, birin nan, ta ɗaga murya da yaren Zulu (mace ce a nan, ba kamar a fim ɗin 1994 ba) sai ga dabbobi na shigowa ta bayanmu har da giwa ta tsakanin kujeru, sai da tsigar jikina ta tashi. In da hali ki kama kujerun ƙasa gefen hanya saboda wannan kawai.

Baban_Amira: Hajiya ni ƙaramin nake ji. Su da kansu sun ce ya fi dacewa da ɗan shekara 6 zuwa sama, ƙasa da 3 ma basa bari ya shiga. Kusan awa biyu da rabi ne harda hutun tsakiya, kuma wurin mutuwar sarki Mufasa akwai duhu ga ƙarar ganguna, nawa yaron fuskarsa ya cusa a rigata bai ɗago ba sai da masu barkwancin nan Timon da Pumbaa suka fito. Amma aikin ya yi gaskiya. Julie Taymor ce ta tsara shi, aka fara a Amurka a 1997, ya zo Landan 1999 kuma har yau ana yi. Waƙoƙin da Lebo M na Afirka ta Kudu ya ƙara sun fi min na fim ɗin daɗi nesa ba kusa ba.

Yar_Zinder: Hakane Baban Amira, waƙar da zakanya Nala ke yi zata bar gida ma babu ita a katun ɗin, nan na yi hawaye.

Maman_Biyu: Allah ya saka da alheri. To babbar zan kai na rana ran Asabar, ƙaramin ya zauna da babansa tukunna. Ana barin ɗaukar hoto a ciki?

Baban_Amira: A'a Hajiya, in wasa ya fara babu hoto babu bidiyo, ku ɗauka a bakin ƙofa kafin ku shiga.