Neman shawara kan dokokin faɗa da nau'in jarumai a Dungeons & Dragons

Ɗan Farin Gada:
Assalamu alaikum. Ni zan jagoranci wasan Dungeons & Dragons, bugu na biyar na 2014, wasan tebur da kowa ke taka rawar wani jarumi a cikin labari, ga mutum huɗu a nan Jos, uku daga cikinsu kuma ba su taɓa jefa ɗan lido mai fuska 20 ba. A kan kwali muka zana taswira, marafen kwalba su ne jarumanmu. Cikin dokokin faɗa na ganin dama da ke littafin jagoran wasa, wadda ta fi burge ni ita ce ta sa abokin gaba a tsakiya, wato idan mutum biyu suka ritsa shi gaba da baya, kowannensu zai jefa sau biyu ya ɗauki mafi girma. Shin in fara da ita? Kuma in buɗe musu nau'o'in jarumai 12 gaba ɗaya?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka yanke hukunci kan wannan doka sai ka ga jaruman da suka zaɓa, domin ba ƙaramar kyauta ba ce: jifa ɗaya matsakaicinsa 10.5 ne, jifa biyu a ɗauki babba kuwa yana kai wa kusan 13.8. Wanda zai fi cutuwa shi ne mai riƙe da Barbarian, jarumi mai faɗa da ƙarfi da fushi, wanda tun daga mataki na 2 yake samun wannan fifiko na jifa biyu ta hanyar sakin jikinsa ga sara, har abokan gaba su ma su samu fifiko a kansa. Idan kowa zai same shi da taku biyu kawai a kan kwali, to an raba shi da abin da ya bambanta shi. Ni 2 kawai nake ƙarawa a kan jifa, kamar yadda bugu na uku ya yi.

Yayar Rayfield:
Ƙanena, game da jarumai, ka rage musu zaɓi. Sabon shiga ya fi samun natsuwa da mayaƙi, musamman reshen Champion, wanda daga mataki na 3 jifan 19 ko 20 ke ba shi mummunan sara, ba tare da ya haddace komai ba. Masihirci kuwa sai wanda zai zauna ya karanta jerin sihirinsa a gida, in ba haka ba kowane zagaye sai an tsaya jiransa. Sannan ka tambaye su tun kafin a zauna ko akwai wanda zuciyarsa ba ta kwanta da Cleric ko Warlock ba, tunda ɗaya bawan wani abin bauta ne, ɗayan kuma ya ƙulla alkawari da wata halitta. A teburinmu mai maganin gargajiya muka mayar da Cleric, lissafinsa bai canza ba.

Na Bukuru:
Malam, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Sababbin 'yan wasa sukan tsaya wuri guda suna sara, wannan doka kuwa ita ke koya musu motsi da haɗa kai, sai dai jagora ya tuna cewa dodanni ma suna da ikon amfani da ita. Wadda zan hana ka taɓawa yanzu ita ce ta tsawaita hutu, inda gajeren hutu ke komawa awa 8, dogo kuma kwana 7, domin da dogon hutu yawancin sihirin masihirci ke dawowa, sai ya yi mako guda kusan hannu rabbana.

Ɗan Farin Gada:
Na gode ƙwarai. Mutum ɗaya ya riga ya nemi Barbarian, saboda haka zan gwada ƙarin 2 ɗin ranar Asabar.