Mai digirin tarihi zai iya komawa karatun lauya?

Baƙon_Kubwa:
Assalamu alaikum. Wanda ya gama digirin tarihi a Jami'ar Abuja kuma yana son zama lauya, ta ina zai fara? Tarihin zai amfane shi, ko shekaru huɗun sun tafi a banza?

Barista_Wuse:
Wa alaikumus salam. Dole sai ya yi digirin shari'a. Ya sayi fom ɗin JAMB na shiga kai tsaye, ya fara daga aji biyu, shekara huɗu ke nan maimakon biyar. Daga nan sai Makarantar Horas da Lauyoyi mai hedikwata a Bwari, kusan shekara guda, kafin a rantsar da shi. Ya duba takardar sakandarensa tun yanzu, domin rashin kiredit a adabin Turanci yana tare mutane da yawa. Ya kuma tabbatar Majalisar Ilimin Shari'a ta amince da tsangayar da zai shiga. In ba haka ba, ba shi ba Bwari.

Malamar_Gwagwalada:
Malam, ba su tafi a banza ba, dubi shari'ar gona kawai. A ƙarar Idundun da Okumagba ta 1976, Kotun Ƙoli ta jera hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa, ta farko kuwa tarihin gargajiya ce. Sashe na 66 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a saurari abin da aka ji daga kakanni kan filin dangi ko na al'umma. Amma fa sai lauya ya bayyana wanda ya fara sare dajin, da yadda ya same shi, da sunan duk wanda gonar ta bi ta hannunsa har zuwa kan mai ƙara. A tsallake kaka ɗaya, hujjar ta rushe. Idan labaran ɓangarorin biyu suka ci karo, ƙa'idar da aka kafa a ƙarar Kojo da Bonsie ta 1957 ta ce a gwada su da abin da ya faru a baya-bayan nan: wa ke noman, wa ke karɓar haya. Auna ruwayar baka da abin da ke ƙasa kuwa aikin ɗalibin tarihi ne tun yana aji ɗaya.

Barista_Wuse:
Gaskiya ne, Malama, sai dai a nan Abuja dokar kafa Babban Birnin Tarayya ta 1976 ta miƙa duk ƙasar yankin ga gwamnatin tarayya, don haka takardar mallaka aka fi dubawa. Inda masu tarihi ke faɗuwa kuma shi ne jarrabawa: sun saba zuba labari. Mai maki yana neman batun da ake jayayya a kai, sashen doka ko hukuncin da ya shafe shi, yadda ya hau kan wannan rigimar, sannan matsaya. Shafi uku kan asalin dokar ba zai kawo maki ba idan babu waɗannan huɗun.