Abin da aka tsayar kan raba alƙaluman famfuna

'Yan'uwa, ga abin da na tsinta daga tattaunawarmu kan yadda za a adana jerin famfunan unguwannin Nima da Mamobi na Accra a kwamfuta.

1. Baki ya zo ɗaya: a yi amfani da CSV (fayil na rubutu zalla da waƙafi ke raba bayanansa), ba PDF (fayil mai kama da hoton takarda) ba. Kwamfuta na shan wahala wajen tsamo lamba daga hoton takarda.
2. Kowane famfo layinsa. Kada launi ya maye gurbin rubutu.
3. A adana da UTF-8 (tsarin adana haruffa a kwamfuta), in ba haka ba ƙ da ɗ su rikiɗe su koma tarkace. Ni ma abin ya taɓa cina.
4. Kwanan wata, shekara a gaba, sai wata, sai rana: 2024-03-05.

An rabu kan Excel, manhajar tebur da lissafi. Wasu sun ce shi kowa ya iya. Sunayen masu gidaje kuwa, a cire su, saboda dokar kare bayanan mutane ta Gana ta 2012.