Don Allah ku taimaka, ƙara ta hana ni miƙa aikin murya

Mai karatun littafi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi kwana uku kenan ban yi barcin kirki ba. Ni dai ina karanta littattafan Hausa ina ɗorawa a YouTube kusan shekara biyu, da waya nake yi tun farko kuma ba wanda ya taɓa ƙorafi, to sai maigida ya ga ina wahala ya ce zai saya min mayik, da ya samu kuɗin wani aiki ya je ya kawo min mayik BM-800 da sawun kad V8, wato akwatin da ake jona mayik a ciki, har da ƙarfen da ake maƙala mayik ɗin a tebur, na ji daɗi sosai don ban taɓa tambayarsa ba shi ya yi niyya. Yanzu wata mai sayar da turaren wuta ta ba ni aikin talla na minti ɗaya za ta kai gidan rediyo, har ta ba ni rabin kuɗi. Na ɗauka na tura mata ta WhatsApp, ta ce mai haɗa mata tallar ya ce akwai wani "zzzz" a ƙasan muryar kuma kamar a cikin rijiya nake magana. Na sake har sau bakwai. Ranar Alhamis take so. Me zan yi?

Injiniya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba ki faɗi abu mafi muhimmanci ba: a me kike ɗauka, waya ko laftof? Caja a jone take lokacin? Ni dai shekaruna a harkar nan sun isa in gaya miki matsala biyu ce daban ke damunki, kada ki haɗa su. "Zzzz" ɗin nan na wuta ne. Wutarmu a nan 50 Hz take, idan caja mai baki biyu ce ba ta da layin ƙasa, ƙugin yana bin wayar cajar ya shiga cikin ɗaukar. Cire caja daga laftof ɗin, cire ta V8 ɗin ma, ki bar su a kan batir, ki ɗauki shiru na daƙiƙa goma ki saurara da iyafis. Maganar rijiya kuwa, duba maɓallin eko, wato amsa-kuwwa, a jikin V8, ki murɗe shi har ƙasa. An yi akwatin nan ne don masu waƙa da masu layif, ba don talla ba.

Mai karatun littafi:
Laftof ne Malam, da manhajar ɗaukar murya ta Audacity. Amma batirin ya mutu, ana cire caja take mutuwa. Eko kuma kaɗan na sa, don muryata siririya ce, in babu shi ba ta daɗi.

Injiniya:
To ai kin ji. Eko ba aikinki ba ne, mai haɗa talla shi zai sa in yana so, in kika sa shi tun a ɗauka da wuya a iya cire shi. Busasshiyar murya ake miƙawa.

Ɗan Sabon Gari:
Ni wannan magana ta tayar min da tsohon ciwo. Haka wani mai shago ya rantse min cewa BM-800 irin na situdiyo ne, bai gaya min yana son wutar 48V kafin ya yi aiki yadda ya kamata ba, na jona shi kai tsaye a kwamfuta murya can ƙasa, in na ɗaga sai "shhhh" ya taso tare da ita. Na koma ya ce kayan da aka buɗe ba a karɓa. Har yau yana cikin kwali a saman sif. Kuma maƙwabcina kullum ƙarfe bakwai sai ya tada janareta daidai tagata, na yi magana har na gaji, mai unguwa ma ya sani.

'Yar Damagaram:
'Yar uwa ki kwantar da hankalinki. Ɗakin naki tayil ne? Ni nawa siminti ne da rufin kwano, in na yi magana sai bango ya dawo min da ita. Abin da nake yi, in buɗe wadrof in tsaya ina fuskantar kayan sawa, in rataya bargo mai kauri a bayana, in shimfiɗa darduma a ƙasa, in kashe fanka. Zufa kam za ki sha, minti biyar sai na fito na sha iska, amma muryar tana fita tsaf. Kuma bayan sallar asuba nake yi kafin masu adaidaita su fito. Ki bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin bakinki da mayik, ki ɗan karkatar da shi gefe don iskar "f" da "b" kada ta riƙa dukan sa.

Mai gyaran waya:
A manna kiret ɗin ƙwai a bango, shi ke nan an gama.

Injiniya:
Kiret ɗin ƙwai ba ya tare ƙarar waje ko kaɗan, sai tara kyankyasai. Bargon ya fi shi. Amma gaskiyar magana Hajiya, mayik ɗin ne bai dace da gidan da ke da hayaniya ba. Irin wannan mayik kondensa ake ce masa, yana kwasar komai har kukan akuyar maƙwabta. Ki nemi mayik dainamik, wanda bai cika kwasar ƙarar nesa ba, mai USB irin Samson Q2U, ki matso da baki kusa, ki huta. Duk wanda ya gaya miki wani abu daban ɓata miki lokaci zai yi.

'Yar Damagaram:
Haba Malam, ta ce Alhamis fa. Ina za ta samo kuɗin sabon mayik a kwana biyu? Ta koma kan wayarta mana tunda da ita ta saba, waya a cikin wadrof ta fi mayik mai tsada a ɗaki fayau.

Mai karatun littafi:
Gaskiya ba zan iya ajiye mayik ɗin nan ba, kyauta ce aka yi min kuma ya sha wahala kafin ya saya, in ya shigo ya gan ni da waya me zan ce masa. Wadrof ɗina kuma ƙarami ne. Ni dai na ji an ce akwai yadda ake goge ƙara a Audacity, shi nake nema.

Injiniya:
Akwai. Ki zaɓi wurin da kika yi shiru, ki shiga Noise Reduction ki danna Get Noise Profile, sannan ki zaɓi duka ki sake shiga, kada ki wuce 12 dB, in kika matsa da yawa murya za ta koma kamar a ƙarƙashin ruwa. Ƙugin wuta kuma Notch Filter a kan 50, in bai tafi ba ki ƙara a 100 da 150. Amma wannan ba ya cire eko, na faɗa na sake faɗa. Kuma ki daina turawa a matsayin saƙon murya, WhatsApp yana matse shi. Ki fitar da shi a fayil ɗin WAV, wanda ba a matse ba, ki tura a matsayin dokumen.

Ɗan Sabon Gari:
Ni wani shafin AI na gwada mai wanke murya, ƙarar ta tafi amma ya tauna min kalmomi, "ƙ" da "ts" duk suka lalace kamar ba Bahaushe ke magana ba.

Mai karatun littafi:
Na gwada na Audacity ɗin yanzu, "zzzz" ya ragu amma ni a kunnena muryar ta zama wata iri, gara ta da. Ekon ma na rage shi rabi ban kashe duka ba. Yanzu kuma an ɗauke wuta laftof ta mutu ban adana ba. Wai in na ari laftof ɗin ƙanina mai batir, dole sai na sake saukar da Audacity ɗin a ciki?