Na sayi Camry, mita na nuna 86,000 amma na ga wata lamba daban

Abban_Ummi:
Salam yan uwa dan Allah ina neman shawara. Kwanan nan na sayi Camry 2009 yar Kwatano a hannun wani dila, abinda yasa ma na yarda na kara kudi shine mita, mil 86,000 take nunawa kuma da bakinshi yace min wata tsohuwa ce ta hau ta a Amurka. To jiya na kai ta juyen bakin mai, yaron bakanike ya bude kofar direba sai ga wata yar sitika ta tsufa ta koma ruwan kasa, an rubuta da biro juye na gaba 187,500. Wlh jikina yayi sanyi. Na kira mutumin yace shi haka ya dauko ta. Kudin nan na dade ina tara su, in mayar mishi ko yaya zanyi?

Mai_Rewaya:
Wslm. Alhaji kar kayi fada tukuna. Fara duba adireshin garejin dake jikin sitikar, in Kanada ne su da kilomita suke lissafi, Amurka kuma mil, mil daya kilomita 1.6 ne da yan kai. Amma gaskiya ko da hakan ne lissafin bai fita ba, 86,000 dinka wajen kilomita 138,000 kenan, da saura sosai. Ko dai an juya mitar da kwamfuta ko an sa mata ta wata motar, duk biyun muna gani. Duba robar fedar birki da sitiyari da gefen kujerar direba, in robar ta cinye har karfe ya leko toh motar ta sha hanya ko me mita ta fada.

Dan_Tasha:
Ni ban taba yarda da mitar motar Kwatano ba wlh, inji da giya kawai nake dubawa. Allah ya mayar da alheri

Hajiya_B:
A'a malam, tunda da mitar aka kara mishi kudi ai algus ne, ba abinda za a ce a hakura bane kawai. Abban Ummi ka kwafi lambar chasis din, guda 17 ce haruffa da lambobi, tana kasan gilashin gaba ta bangaren direba. Ka sa a ciro maka rahoton Carfax ko AutoCheck, masu ajiye tarihin motocin Amurka, yawanci yana nuna mil din da aka rubuta lokacin sabis ko canjin mai ita. Ka kuma rubuta lambar a Google, in daga gwanjon Copart ko IAA ta fito sau da yawa hotunan suna nan har da na mitar. Ka buga a takarda kaje wajen shugaban dilolin wurin tare da wanda ya shaida cinikin, kar kaje kai kadai kuma kar ka cire sitikar. Zai yiwu da gaske ba shi ya juya ba, tun kafin ta zo hannunshi ake yi wani lokacin, amma shi ya karbi kudinka shi zai bi wanda ya sayar mishi. In yaki akwai FCCPC masu kare hakkin mai saye.

Mai_Rewaya:
Kuma in ka rike ta ka lura da bakin mai, injin 2.4 na wannan shekarun an san shi da shan bakin mai in ya tsufa, ka dinga jan sandar gwaji duk sati. A duba man giya ma.

Abban_Ummi:
Nagode kwarai Allah ya saka. Na duba sitikar Texas ta Amurka aka rubuta, kenan mil ne. Dilan yace ba zai karbi mota ba sai dai ragi, nace ya bari rahoton ya fito tukun. Hajiya in ya tabbata, ragin nawa kike ganin ya dace in nema?