Shawarwari kan Shirya Gasar Gajeren Labari Mai Ƙayyadadden Lokaci

Da marubuta suka tattauna wannan batu, bakinsu ya zo ɗaya: kada a bayyana jigo sai an buga ƙararrawar farawa, in ba haka ba wani zai zaro tsohon labarinsa ya miƙa. Jigon kuma ya zama ɗan ƙarami, kamar wasiƙar da ba a aika ba.

A kan tsawon lokaci aka ja daga. Wasu sun ce awa 1, wasu awa 24 saboda agogon ƙasashe ya bambanta. Ni dai ina bayan awa 24, don mai aiki da mai raino su samu shiga.

A ƙayyade kalmomi, misali 500, a cire sunaye kafin alƙalanci, kowa kuma ya yi wa labarin wani sharhi.